Isufu Janeba da Makullin Rijiyar Kwaya

Duk ƙasar Magarya, daga Dungas har bakin iyaka, ba a taɓa yin masanin shari'a kamar Isufu na Kwaya ba. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma ai babban mutum ba ya ƙarya. Shekara shida ya yi yana sharar ɗakin shari'a a Damagaram, yana kaɗe wa alƙalai kujeru, ilimi na shigarsa ta hanci. Ana nan wani ma'aikaci ya kwanta ciwo, aka rasa wanda za a tura Yamai taron kwana tara kan dokokin yaƙi, sai aka tura Isufu don kada kujera ta zauna wayam. Ya dawo da tabarau da agogo da littafin rubutu mai baƙin bango, da kuma sunan wani gari wai shi Janeba, inda ya ce duniya ta taru ta rubuta tausayi aya-aya. Tun ran nan ake ce masa Isufu Janeba, shi kuwa ya ɗauka naɗi aka yi masa.

Ba a daɗe ba gari ya ɗanɗana basirarsa. Jakin Ɗan Azumi ya faɗa harawar gyaɗar Mohamman, Mohamman ya kama shi ya ɗaure. Isufu ya gyara tabarau, ya yanke cewa jakin nan fursunan yaƙi ne, tilas wanda ya kama shi ya ciyar da shi har a yi sulhu. Sulhu ya ci mako guda, jaki ya ci sauran harawar.

A bazarar 1974 fari ya kai fari. Rijiyar Kwaya ta ja ƙasa, aka yi mata murfin ƙarfe da kwaɗo, ana buɗewa da safe da kuma ƙarfe huɗu don ruwa ya samu taruwa. Maigari ya danƙa wa Isufu makulli, ba don komai ba sai don shi kaɗai ke da agogo. Isufu ya rataya shi a wuya, a bisa riga, inda kowa zai gani.

Wata rana da hantsi, an rufe rijiya ke nan, sai ga wani tsohon makiyayi mai suna Manu daga arewa. Garkensa duk ya zube a hanya, saura jar saniya guda mai tafiya tana tangaɗi. Bayansa 'yarsa Fadi ce da goyo. Nonon uwar ya ƙafe, ɗan abin da ake tatsa daga saniyar shi ke riƙe da jaririn. Mata suka kawo wa baƙin ruwa ƙwarya guda daga gindin randa, amma ƙwarya ba ta kashe ƙishin saniya, kuma randunan ma sun kusa bushewa.

To, a Kwaya tun kaka da kakanni ba a tambayar baƙo sunansa sai shi da dabbarsa sun sha. Maigari ya ce, "Malam Isufu, a buɗe masa." Isufu ya yi murmushin tausayin jahilai, ya sa aka kawo masa kujera gindin gawo.

"Ranka ya daɗe, akwai doka da ta girmi ta sarki, ta girmi ta gwamnati," in ji shi. "Sunanta dokar halitta. Ba a takarda take ba, a zuciyar kowane ɗan Adam aka rubuta ta. Ita ta ce ruwa na kowa ne, kamar iska." Jama'a suka gyaɗa kai, Manu ya ja saniyarsa kusa da kwamin shayar da dabbobi. "Sai dai," in ji Isufu yana ɗaga yatsa, "dole a san ko wane ne kowa. Baffa, ina takardarka?"

Manu ba shi da takarda. Isufu ya ji daɗi har cikin ransa, don rabonsa da shari'a mai nauyi tun ta jaki. Ya bayyana cewa baƙo iri uku ne: ɗan gudun hijira, matafiyi, da mai mamaya. Manu bai tsallake iyaka ba, saboda haka bai yi hijira ba. Bai san inda za shi ba, saboda haka ba matafiyi ba ne. Batun mamaya kuwa, ga sanda nan a hannunsa, sai an bincika. Sannan ga babbar tambaya: ita saniyar farar hula ce ko kayan yaƙi?

Tsohuwa Hawa, wadda ta yanke wa Isufu cibiya, ta ce, "Kai ɗan nan, dubi idon dabbar nan ka ji tsoron Allah." Isufu ya rubuta sunanta cikin masu yi wa kotu katsalandan. Da rana ta take ya duba agogo, ya ce kotu ta tafi nazari, ya shige gida da makulli a wuya. Abin kunyar shi ne, duk mazan Kwaya suna tsaye, babu wanda ya ɗauki dutse ya fasa kwaɗon, don kowa na tsoron littafi mai baƙin bango.

Bayan azahar saniyar ta durƙusa, ta miƙe wuya. Manu ya daɗe yana shafa mata goshi, sannan ya roƙi aron wuƙa kafin ta zama mushe. Fadi ta juya baya tana jijjiga jaririn.

Ƙarfe huɗu daidai Isufu ya fito, fuska ta sha barci, ya karanta hukunci da babbar murya. Bisa dokar halitta da ruhin Janeba, kotu ta tabbatar saniyar farar hula ce, tana da haƙƙin guga uku nan take. Ya ɗaga kai don a yaba, sai ya ga fata a shimfiɗe.

Manu ya dube shi ya ce, "Mun gode, Malam. A ba ta."

Aka buɗe rijiya, aka jawo ruwan da za a wanke tumbi da hanji. Isufu na tsaye a kai yana ƙirga guga, kada a tauye wa saniyar haƙƙinta.