Jirgin Da Ya Hau Tudu A Falonmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙaryata injiniya a gaban dattawa ba, ni da ko kogi ban taɓa gani ba. A Jidda aka haife ni, kuma tun ina saurayi nake aikin sauke kaya a tashar jiragen ruwa. Don haka a gidanmu duk maganar da ta shafi ruwa ni ake kallo (ni ma kuma na yarda da kaina fiye da kima).

Da wani Abdulƙadir ya fito neman auren ƙanwata Hadiza, ni aka ɗora wa bincike, tunda mahaifinmu ya rasu. Ɗan unguwar Sharafiyya ne, nan cikin Jidda, amma ya daɗe a Turai. Na zaunar da shi a shagon shayi, na tambaye shi sana'arsa. Ya ce yana cikin masu gina ƙofofin kogi, inda ake ɗaga jirgi daga ƙasan madatsar ruwa zuwa samanta.

Na ce, "Da wace ƙugiya?"

"Babu ƙugiya, Yaya. Ɗaki ne na kankare, ya fi filin ƙwallo tsawo, ƙofa gaba ƙofa baya. Jirgi ya shiga, a rufe, a sako ruwa ta ƙasa, ruwan ya taso da shi."

"Injin turo ruwan fa?"

"Babu. Daga sama yake gangarowa da kansa. Ƙofofin ma nauyin ruwan ne ke ƙara danne su."

Nan zuciyata ta ce an zo wurin. Jirgi mai ɗauke da kaya ya hau tudu ba ƙugiya ba inji? Na fara ƙare masa kallo. Hannunsa sumul, agogonsa na sheƙi, ga shi ya ƙi haɗa ido da ni (ashe kunyar surukuta ce, ni kuwa na ɗauka alamar marar gaskiya ce). Ya zaro waya zai nuna mini, na ce ya bari, zamanin nan ko raƙumi ana sa shi tashi sama a waya.

Ranar da baffanninsa suka zo gaisuwa, falo ya cika, Kawu Sale, yayan mahaifiyarmu, ya juyo ya ce, "To, me bincike ya nuna?" Na gyara zama, har da gyaran murya.

"Kawu, yaron nan nassabi ne, mayaudari. Wai aikinsa hawar da jirgi kan tudu! Halas, magana ta ƙare, ba mu bayarwa."

Bayan labule na ji farantin shayi ya faɗi, na kuma san hannun wa ya sake shi.

Aka kira Abdulƙadir daga mota, inda yake jira. Bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya roƙi a kawo masa bokiti da buta. Ya saka kofin shayi a gindin bokitin, ya miƙa wa Kawu butar ya ce, "Kawu, bismillah, a hankali." Kawu yana zuba ruwa ta gefe, kofi yana tasowa, har ya iso baki yana rangaji a gaban hancina.

Kawu ya ajiye buta ya dube ni. "Ya shaikh, kai da ka girma kana wanka da bokiti, ba ka taɓa ganin moɗa ta taso ba?"

Dattawa suka tuntsire, har wani baffan ango yana share hawaye da gefen rawani. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Na ce ai dama gwada shi nake yi. Ko ni ban yarda da maganar ba.

Da baƙi suka watse, Hadiza ta tare ni a bakin kicin, idonta jawur. "Yaya, jirgin ne ya dame ka, ko tafiyata?" Tun da aka rushe unguwarmu Karantina danginmu suka tarwatse, ita kaɗai ta rage kusa da ni, kuma wallahi tsoron rasa ta nake yi. Da ya ce mini direban tasi ne a Sharafiyya, da ko tambaya ta biyu ban yi ba.

An ɗaura aure, sun tafi Turai. Yanzu duk jirgin da ya taso a ɗakin kankaren nan sai ta turo mini hotonsa, ba ta rubuta komai. Ni kuma na ɗauki darasi: kafin in sake kiran mutum maƙaryaci a bainar jama'a, zan fara shiga banɗaki ni kaɗai da bokiti, in rufe ƙofa.