Motata Ta Koma Injin Kaɗa Nono

Yau da safe na tsaya zan rage wa maƙwabciyata Alice hanya zuwa kasuwa, kyauta, don zumunci. Ta dubi motar, ta dube ni, ta dafe ƙugu.

"Malam Jaji, na gode. Na wancan makon ma bai sake ni ba. Bari in taka da ƙafata."

Kun ji inda na kai. Direban haya da ko kyauta ba a shiga motarsa.

Ga yadda abin ya faro. Ina jigila tsakanin Birnin Gwari da Kutemeshi, kuma wanda ya san hanyar ya san ba ramuka ne a kan hanya ba, ɗan guntun hanya ne a tsakanin ramuka. Cikin motata kullum yana gogar ƙasa, tayoyin gaba sun karkace, sitiyari yana jan hagu. Dajin nan kuwa ba wurin da mutum zai so mota ta mutu masa ba ne. Sai na kai ta garejin Idrisu bakanike.

"Oga, kayan kamfani na ƙasar da ke da titi ne," in ji shi. "Bari in sa maka sifirin na a-kori-kura, da shokozoba mai tauri, in canza bushin, in ɗaure alaimen. Ko dutse ka hau ba za ta goce ba."

Bai yi ƙarya ba. Mota ta ɗaga sama, ta miƙe sak, ba ta ƙara gogar ƙasa ba. Abin da bai faɗa min ba shi ne, duk dukan da ƙarfe ya ƙi sha, ƙashin bayan fasinja ne zai sha. Tsakuwa muka taka sai kan mutum ya gaisa da rufi. Wani dattijo ya sauka yana ta salati, ya ce shi bai yi min laifin komai ba. Kafin wata ya ƙare, a tasha ana ganina sai kowa ya tuna yana da wani uzuri. Gaskiya hankalina ya tashi, don da wannan motar ake ɗora tukunya a gidana.

Goggo Rabi'atu ce kaɗai ba ta guje ni ba, don babu wanda ke bi ta kusa da rugarsu sai ni. Ran nan ta shigo da jarkar kindirmo, muka iso gari, ta buɗe, sai ta ɗora hannu a ka.

"Direba, ka kashe ni! Kindirmo na zuba, ga shi ya zama tsala!"

Ta sake leƙawa. Ta sa ludayi ta ɗago curin man shanu, fari tas. Aikin da take yini tana yi da damtse, motata ta gama shi kafin mu fita daga daji.

Washegari mata ne jere a bakin hanya, kowace da jarkokinta. Su ba sa shiga, sun fi ni hankali, babur suke hawa su biyo ni a baya. Yanzu har umarni ake ba ni: "Direba, kada ka kauce wa babban ramin nan na bayan gada, shi ne mai fitar da mai."

Saboda haka ina miƙa godiya ga Mai Girma Uban Alkawura, ranka ya daɗe. Masu baƙin ciki suna cewa ba ka kawo mana masana'anta ba. Ƙarya suke! Ga ta nan shimfiɗe daga gari har ƙauye, ba ta buƙatar lantarki, ba ta buƙatar gyara, damina ce ke faɗaɗa ta. Da a ce jerin jif-jif ɗin da kake zuwa da su duba aiki ba su da laushin da ko shayi ba ya zuba a ciki, da kai ma ka koma gida da man shanunka.

To amma ɗazu da na dawo, sai na tarar an ajiye katafila a bakin gari, an sake wa allon kwangila fenti. In titi ya yi sumul, mata za su koma ga damtsensu, fasinja kuwa sun riga sun yafe ni. Na garzaya wurin Idrisu ya mayar min da tsoffin kayana, ya ce tuni 'yan gwangwan suka tafi da su.

Na samu Goggo na faɗa mata. Ko kai ba ta ɗago daga ƙwaryarta ba.

"Wannan katafilar? Kowane zaɓe ana kawo ta, har kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Gobe ka zo da wuri, nonon da yawa."

Na kama hanyar gida da ƙwarin gwiwa. Tunda nake ban taɓa dogara da Mai Girma kamar yau ba, kuma na san ba zai ba ni kunya ba.