Farar Shaddata da Motar Burodin Emeka

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanena Nura ba, kuma ba don daɗin abincin biki ba, don ni ko loma ban samu ba.

Ni malamin makaranta ne a nan Bauchi, darasin ƙere-ƙere nake koyarwa, shi ya sa a gidanmu ake ce mini Injiniya. (Ban da canja ƙwan lantarki babu abin da na taɓa gyarawa, amma ban taɓa hana kowa kiran sunan ba.) Da aka zo rabon aikin biki, ni aka ɗora wa kai Kawu Sale zuwa Zungur, garin su amarya. Kawu ne wakilin ango, in bai je ba babu mai karɓar aure, kuma an ce da an sallame Juma'a za a ɗaura.

Motar da na aro ta maƙwabcinmu Emeka ce, wadda yake rabon burodi da ita a unguwar Wunti. Da zai miƙo mini makulli sai da ya ɗan riƙe.

"Malam, wannan mota shi ne ofis nawa. Ka kula da shi."

Damina ce. Muna sauka daga kwalta na yanke ta wata hanya da na rantse wa Kawu ta fi kusa. A bakin wata fadama motar ta nutse a taɓo, ƙafafun gaba har rabi. Na taka mai, ta ƙara zama daram. Ga ni cikin farar shadda sabuwa dal, ta sha bugu tana ɗaukar ido.

Wani dattijo da ke huɗa a gefe, Malam Buba, ya kunto shanunsa biyu ya zo da igiya mai kauri. Bayan mun gaisa ya ce, "Duk damina aikinmu ke nan a wajen nan. Irin wannan motar tana da ƙugiya a ƙasan gabanta, taɓo ne ya rufe. Sai an kwanta an tono ta. Riƙe mini shanun in shiga."

Kafin in buɗe baki Kawu ya leƙo ta taga. "Bar shi, Malam. Ai da Injiniya muke tafe, shi ya san inda ake ɗaurawa."

To, nan fa na shiga tsaka mai wuya. In bar manomi ya nuna mini mota a gaban Kawu, ban iya ba. In kwanta da shaddar nan a taɓo, shi ma ban iya ba. Sai na tattare riga na tsuguna a kan wani dutse, na zura hannu ɗaya ƙarƙashin motar ina lalube, fuskata tana kallon sama. Na ci karo da wani dogon ƙarfe mai santsi, na zarga masa igiya na ƙulle tam.

Malam Buba ya ja igiyar kaɗan ya ce, "Malam, wannan ƙarfen kamar yana motsi."

"Baba, ƙarfe ne, ba ya jin komai," na ce. "Abin da nake koyarwa a aji ke nan." (Har yau in na tuna wannan maganar sai in ji kamar in shige ƙasa.)

Na koma na riƙe sitiyari, ya kora shanu. Suka yunƙura sau biyu, a na uku na ji wani ƙaras, sitiyarin ya fizge daga hannuna, motar ta fito. Kawu ya yi ta sa mini albarka. Na sauko ina karkaɗe hannu, har na fara yi wa Malam Buba bayanin yadda nauyi yake rabuwa a jikin ƙarfe. Shi kuwa ba ni yake kallo ba, gaban motar ya ƙura wa ido.

Ƙafafun gaba sun karkato ciki, kowace tana kallon 'yar'uwarta. Ashe ƙarfen da ke juya ƙafafun na ɗaure, ya lanƙwashe kamar lauje. Na gwada tafiya, motar ta yi kuka ta nufi gonar masara.

Daidai nan muka jiyo kiran sallar farko daga Zungur. Na san Nura yana can yana leƙen hanya. Malam Buba ya je ya ɗaura wa shanunsa amalanke. Haka wakilin ango ya hau kan buhunan taki da babbar rigarsa, ya rungume kwandon goro. Da za su tashi ya dube ni ya ce, "Injiniya, kai zauna ka yi gadi."

Sun isa ana huɗuba, aka ɗaura aure lafiya. Ni ina fadama da sauro.

Na kira Emeka a waya, bayan la'asar ya iso da bakanike da motar da za ta ja tasa. Ya zagaya gaban motarsa a hankali, ya ce, "Malam, ofis nawa ya zama harara-garke." Bakaniken ya ce sai an ɗaura a ƙugiya kafin a ja ta zuwa gari, kuma shi bayansa na ciwo. Duka suka juyo suna kallona. Na kwanta rub da ciki a taɓon nan na tono ta da hannuna. Tsakaninta da inda na ɗaura ɗazu bai fi tsawon tafin hannu ba.

Washegari rabin Wunti da gayan shayi suka karya, kuma kowa ya san dalili. A gida har yanzu Injiniya ake ce mini, sai dai yanzu in an faɗa akwai mai juya baya yana dariya. Abin da na koya shi ne, in wanda ya saba da wuri ya ce sai an kwanta an duba, in kwanta tun da wuri. Shaddar da na yi wa tattali, ita ake goge tagogi da ita a gidana.