Ƙarfen da Nake Shayarwa a Badariya

Jama'a, bari in tona wa kaina asiri: jiya da safe na yi sata a gidana. Rabin bokitin ruwa na ɗiba a randar matata Riskuwa, na zaga bayan ɗaki na shayar da guntun ƙarfe.

Ga dalili. Da aka ba mu jihar Kabi, Masu Girma suka ce unguwarmu Badariya ma ta zama birni. Aka kafa turaku, aka ja mana wayar lantarki. Guda ɗaya tak. Muka ɗaura ƙwan fitila, muka danna makunni, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Na tambayi maƙwabcina Hodi mai gyaran rediyo. Ya ce, "Malam, ita wuta ba ta zamnawa gidan kowa. Ta wata waya taka shigowa, ta ratsa ƙwai, ta koma ta wata. In ba hanyar komawa, ko tasowa ba ta yi."

Muka kai kuka gun Ranka-ya-daɗe, babban ofishin hukumar da nake aiki. Allah ya ƙara masa basira, cewa ya yi: shekara nawa arzikinmu yana tafiya Sakkwato? Yanzu kuma da hannunmu za mu ja wayar da wutarmu za ta riƙa komawa? Abin da ya shigo Kabi ya shigo ke nan. Aka yi tafi.

Sai Hodi ya kafa mini ƙarfe a ƙasa, ya zuba gawayi da gishiri, wai wutar ta riƙa komawa ta cikin ƙasa. Amma busasshiyar ƙasa ba ta ba ta hanya. In an jiƙa, ƙwai ya yi ja kamar garwashi, fankar Inna mahaifiyata ta ɗan motsa. Tsohuwar nan zafin bazara na neman kayar da ita, ga famfo kwana tara bai ɗiga ba.

Jiyan dai Riskuwa ta ritsa ni da bokiti.

"Maigida, ƙarhen ga ɗanka na? Mu mu sha mi?"

Inna ta ɗago murya daga ɗaki: "Ki bar mani iskata. Shi ya bar wanka."

An yanke hukunci. Ruwan wankana ya koma na ƙarfe, Inna na shan iska, a ofis kuwa an fara matsa mini wuri kamar wani babba.

Don haka ina kira ga hukuma ta binciko wanda ya soke waya ta biyu. Amma a bi a hankali. Takardar sokewar, ni na buga ta a tafireta.