Hannun Ilu

Na tsufa, ina rikita sunayen jikokina, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na zaɓi mai jifa ba. Ban yi lekol ba, wato boko, balle in san lambar shekarar. Shekarar dai da ruwan sama ya ɗauke, gero yana tsawon gwiwa, har motar kamiyo ta riƙa kawo jar dawa daga Damagaram.

A ƙauyenmu, gefen Dogo, gonakin maza duk sun ƙone. Abin da ya tsira 'yan gamanar mata ne, ƙananan gonakinmu na bakin tabki inda ƙasa ke riƙe laima. Tawa tana jikin ta Fanna, ƙawata tun muna 'yan mata, wadda mijinta ya riga ya tafi Kano neman abinci. Da zangarniya ta fara yin ido sai tsuntsayen jan-baki suka sauko kamar hayaƙi, don babu wani kore a duk faɗin ƙasar sai namu.

Da can korar tsuntsu aikin yara ne. A shekarar nan mai gari ya ce mazan da suka rage su hau rumfa da majajjawa, kowace gamana mutum ɗaya, a sallame shi da hatsi in an girbe. Mata ne za su zaɓa bi da bi. Aka tara mazan a fili, kowa ya ɗana curin laka ya gwada hannunsa muna kallo.

Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, ya yi nasa. Curin ya faɗi nan kusa, kamar wanda ya jefa wa kaza tsaba. Sai Ilu ɗan kokawa ya fito, ya juya majajjawa har tana kuka, ya saki. Babu wanda ya ga inda curin ya sauka.

Aka ja kara, nawa ya fi tsawo, ni ce ta fari. Kowa ya ɗauka Malam zan kira (shi ma har ya soma kakkaɓe rigarsa). Na buɗe bakin nan nawa na ce, "Ilu."

Fanna ta dube ni. "'Yar uwa, mijin naki fa?"

"Tsuntsu bai san aure ba," in ji ni, har da gyara ɗankwali.

"To, na gode. Ni ina so. Malam, zo ka hau tawa."

Ya wuce ta gabana ya nufi wajenta.

Kullum da sassafe ina daji neman ganyen da za mu dafa, ban cika zama a gona ba. In na biyo da yamma sai in ji majajjawar Ilu tana fito a sama, raina ya yi fari. Wata rana ina zuba wa Malam abinci ya ce, "Ki ce wa Ilu ya rage hannu."

Na ce, "Malam, kishi bai kamace ka ba."

Ya ci gaba da cin abincinsa. Bai ƙara maganar ba.

Ashe gamanata taku kaɗan ce, hannun Ilu kuwa na gonar sarki ne. Duk curin da ya saki sai ya tsallake gerona ya dira a na Fanna. Tsuntsayen can su tashi, su nemi inda babu jifa, su sauka a ƙarƙashin rumfar Ilu, su ci su ƙoshi a inuwarsa. Tsuntsun da ya koma wajen Fanna, Malam ya maido shi da ɗan gajeren jifan nan nasa. (Na taɓa tambayar Ilu daga baya. Ya ce, "Inna, 'yan mata na wucewa rijiya, ina zan yi jifan tsofaffi?")

Ranar girbi na kama zangarniya ta farko, na ji ta sakayau. Na kama ta biyu, haka. Sai soshiya tsirara, ƙasa kuwa fari fat da kashin tsuntsu. Abin da na tara bai cika zanena ba, kuma a ciki zan sallami Ilu.

Ina durƙushe ina tsince-tsince, matan unguwa duk suna wurin, sai ga Fanna da dami a ka. Ta sauke a gabana, ta koma ta ɗauko wani.

"Wannan na Malam ne, ladan aikinsa. Wannan kuma naki."

"Nawa na me?"

"Ai maza biyu kika ba ni, 'yar uwa. Ɗaya kika aura, ɗaya kika zaɓa."

Matan suka yi dariya har wata ta zauna a ƙasa. Ni ban iya ɗaga kai ba. Da da hali da na mayar mata, amma akwai yara a gida. Na ɗauka. Malam ya ɗora mini damin da hannunsa, ya ce a hankali, "Riƙe da kyau."

Damman nan biyu ba su kai mu lokacin sanyi ba. Da suka ƙare Malam ya bi sauran maza Kano yin dako, ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Da ya yi, da na fi samun sauƙi.

Tun daga ranar, in zan zaɓi mutum, gonata nake fara aunawa kafin in dubi hannunsa. Fanna kuwa har yau in ta ga tsuntsu ya sauka a danga sai ta leƙo ta ce, "In kira miki Ilu?"