Salansar da Ta Sa Ni Hawaye

Ina garejin Oga Emeka, makanikena a Sabon Tasha, sakamakon gasar ɗaukar hoto ya shigo wayata. A sanina hoton faɗuwar rana a Kogin Kaduna na tura, har na kai wa mai guga kaftanin karɓar kyauta.

Alƙalai suka ce: "Hoton ya yi duhu, abin da ke ciki duk tsatsa ne, ba mu ga kyansa ba."

Tsatsa? A jikin rana? Nan take na rubuta musu martani mai zafi. Na ce wannan ikon Allah ne, duk yamma nakan tsaya a gabansa har hawaye su zubo min, wanda bai ga kyansa ba ya je a duba masa ido. Na karanta wa mutanen garejin da ƙarfi. Oga Emeka ya ce, "Malam, tura! Ka gama da su."

Na tura. Ba a jima ba alƙalan suka amsa: "Ga hoton da ka aiko mana." Na buɗe a gaban kowa, ina murmushi. Ashe fasasshiyar salansar motata ce, wadda na ɗauka don in nuna wa Oga Emeka.

Har yau salansar na rataye a bangon garejin. Da na shigo sai Oga Emeka ya miƙo min tsumma, ya ce, "Malam, ga ta can. Yi kukanka, ba mai damun ka."