Ranar da Kawu Bukar ya gaisa da Jamus

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba zan manta da ranar da na yi tallar manhajata ga Turawa ba. Manhaja ce ta haɗa masu bandar kifi na Haɗeja da masu saye a Legas. Ni na rubuta ta a wayata, da wannan babban yatsan (yasin ya sha wuya). Wasu masu tallafa wa matasa a Jamus suka ce in yi bayani ta bidiyo, ɗan lokaci ƙayyadadde, wanda ya burge a ɗauke shi horo.

Matsalar ita ce ina gida Auyo hutu, kuma sabis bai san ɗakina ba. Wuri ɗaya yake kamawa: gindin tsamiyar mashigi, inda ake sauka daga kwalekwale. Na cakare da kwat ɗin aro, ƙasa kuwa wando a nannaɗe, silifa cikin taɓo. Ai kyamara ba ta ganin ƙasa.

Na fara zuba Turanci kenan, wata Baturiya a cikinsu tana gyaɗa kai, sai ga Kawu Bukar, yayan babata, ya sauko daga kwalekwale. Muka haɗa ido. To kun san ba a gaida Kawu a tsaye. Na durƙusa, waya a hannu. Jamus ta ga silifa, ta ga taɓo, ta ga ƙwaurina.

Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, ya tambayi jikin Inna (wadda ya gani da safen ranar). Ina ta “lafiya lau”, agogon allo yana ta gudu. Can ya leƙa wayar ya ce, “Baƙi ka yi ba ka faɗa ba? Miƙo.”

Na miƙa. Ya bi Turawan ɗaya bayan ɗaya, ya iyali, ya sanyi, yana jiran amsa. Ni na koma tafinta. Lokaci ya cika ina fassara “a gaida mutanen gida”.

Ba su ɗauke ni ba. Amma sun ce in sake gwadawa zagaye na gaba, kuma wai ina Kawu.

Yanzu in zan yi magana da duniya, sai na fara zagaya dangi da sassafe na gaishe su kaf. Sabis kan ɗauke ya dawo, Kawu kuwa ba a katse shi.